Hawan dutse, tuƙi a kogi da kallon namun daji a tafiya guda: ko hakan zai yiwu a arewacin Kamaru?

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sanya kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, da ke tsaunukan Mandara, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na uku a Kamaru da ya samu wannan matsayi, kuma na farko da aka zaɓa saboda aikin hannun mutane. Labarin ya sake tayar da maganar yawon buɗe ido a arewa, har wasu masu shirya tafiye-tafiye suka fara zancen haɗa abubuwa uku a tafiya guda: a hau dutse, a bi kogi a jirgin roba, a shiga gandun daji a kalli namun dawa, duk a ƙarƙashin sunan yawo mai kiyaye haƙƙin mutane da muhalli.

A daidai wannan lokaci kuma gwamnatocin Faransa da Birtaniya da Amurka suna ci gaba da gargaɗin 'yan ƙasashensu da su guji jihar Arewa Mai Nisa, wadda ita ce jihar da Diy-Gid-Biy ɗin yake. Mai otal a Marwa, da direba a Garwa, da matashin da ke tunanin koyon aikin jagora, duk suna jin labaran biyu, kuma ɗaya na karo da ɗaya.

Me ake nufi da wannan irin tafiya?

Tsarin haɗa abubuwan uku ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Ƙasar Nefal ce ta fi shahara da shi: baƙo ya yi kwanaki yana tafiya a ƙafa a tsaunukan Annapurna, ya sauko ya bi kogin Tirishuli a jirgin roba, ya ƙarasa a gandun dajin Citwan inda ake kallon karkanda. A Afirka ma Yuganda na yin irinsa da tsaunukan Ruwenzori da kogin Nilu a garin Jinja, haka kuma ana tuƙin jirgin roba a kogin Zambezi, ƙasa da shahararren magangarin ruwan Biktoriya.

Hawan dutsen da ake magana a kai ba na igiya da ƙugiya ba ne. Tafiya ce ta ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye, ta kwana biyu ko biyar ko fiye, da ɗan jagora a gaba da 'yan dako a baya. Tuƙin kogi kuwa ana yin sa ne a jirgin roba da ake hura wa iska, mutum shida ko takwas, kowa da filafili da hular kwano da rigar hana nutsewa, a wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu. Masu wannan sana'a sun kasa ƙarfin ruwa mataki shida. Na ɗaya shi ne ruwa mai laushi, na shida kuwa wanda ko ƙwararru ba sa shigar da baƙi.

Batun kiyaye haƙƙi shi ne ya fi saurin zama ado a takardar talla. Abin da masu harkar ke nufi da shi a aikace yana komawa ga tambayoyi kaɗan: wa ke ɗaukar haɗarin tafiyar, aljihun wa kuɗin ke shiga, me aka bar wa wurin na ɓarna bayan an tafi, kuma ko an nemi yardar masu wurin kafin a shigo. Nefal ɗin ma sai da ta ɗauki mataki a shekarar 2023, inda hukumar yawon buɗe idonta ta ce baƙo ba zai sake shiga manyan hanyoyin tsaunuka shi kaɗai ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba.

Abubuwa uku, kowanne da lokacinsa

Kayan aikin dai akwai su. A Mandara akwai Rumsiki da dogayen duwatsunta da suka miƙe kamar turaku, da Mokolo da Koza da Ujila kusa da Mora. A kudancin Garwa, wajen Poli, akwai tsaunukan Alantika a kan iyakar Najeriya, da dutsen Hosere Vokre mai tsayin sama da mita 2,000. Gandun daji manya huɗu ne: Waza mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, Binuwai mai 1,800, Buba Njida mai 2,200, sai Faro da ya fi su duka da 3,300. Koguna kuma ga Binuwai, ga Faro, ga Logon.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Tafiyar ƙafa a tsaunuka ta fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke sanyaya gari, hanyoyi sun bushe, an gama girbin gero da dawa. Namun daji kuwa an fi ganinsu a Maris da Afrilu, domin a lokacin ciyawa ta ƙone ko ta bushe, tafkuna sun ƙafe saura kaɗan, giwa da gwanki da raƙumin dawa dole su taru a inda ruwa ya rage. Amma waɗannan watannin su ne na bazara, zafi yakan haura digiri 40 a Garwa da Marwa, kuma hawan dutse da tsakar rana a irin wannan yanayi kan kai mutum asibiti. A ƙauyukan kan dutse ma lokacin ne ruwan sha ke yin wuya.

Ruwa mai ƙarfin da jirgin roba ke buƙata ba ya samuwa sai a Agusta da Satumba. Mafi yawan rafukan arewa, waɗanda ake kira mayo, rairayi ne zalla da rani, har mata na tona su su ɗebi ruwa. Kwazazzabon Kola da ke kusa da Gidar ya isa misali: da rani mutane na sauka cikinsa a ƙafa suna ɗaukar hoto tsakanin baƙaƙen duwatsun da ruwa ya goge suka yi santsi, da damina kuwa Mayo Luti ke cika shi, ba mai kusantar bakinsa. Ko tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Garwa, a zamanin da take tashe, 'yan makonni kawai take aiki a shekara, lokacin da Binuwai ya cika har jiragen kaya ke iya haurowa daga Najeriya. To a wannan lokaci na cikar ruwa hanyoyin cikin gandun daji sun zama taɓo, ciyawa ta fi tsayin mutum, dabbobi sun watsu saboda ruwa na ko'ina, sansanonin baƙi kuma a rufe suke.

Ke nan duk wanda ya yi alkawarin abubuwan uku, kowanne a kan ganiyarsa, cikin kwana goma, ya yi alkawarin abin da yanayin ƙasar bai ba da shi ba. A Nefal kogunan na shan ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga tsaunuka, don haka suna gudu ko bayan damina ta wuce. Namu ruwan sama kawai suke jira. Abin da zai iya haɗuwa shi ne tsakiyar rani, wajen Janairu da Fabrairu: tafiyar ƙafa da sanyin safiya, kallon namun daji daidai gwargwado, sai yawo a kwale-kwale a ruwa mai kwanciya.

Kogin da ke da masu shi

Ko an koma kan kwale-kwalen, maganar ba ta ƙare ba. Binuwai da Faro gidan dorina ne, kuma Faro na cikin wuraren da suka fi yawan dorina a Kamaru. Da rani, idan ruwa ya ja baya, dorinai kan cunkushe a 'yan gurabe masu zurfi, kuma nan ne dole jirgi ya bi. Tsohon masunci ya san yadda ake yi. Yakan riƙa buga gefen jirgi da filafili tun daga nesa domin dabbar ta ɗago kai ya ga inda take, yakan bi gefen da ba shi da zurfi, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma ba ya tare mata hanyar komawa zurfi. Da la'asar sakaliya, lokacin da dorinai ke shirin fita kiwo, ba ya yarda ya ɗauki baƙo. Jirgin roba a irin wannan wuri ba shi da kariya ko kaɗan daga haurenta. Ga kada kuma.

Sai madatsar ruwa ta Lagdo, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Garwa, wadda aka kammala a 1982. Tun daga lokacin ruwan da ke ƙasa da ita ba damina kaɗai ke juya shi ba, har da buɗe ƙofofin madatsar. Mazauna bakin kogi daga Garwa har Yola ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Mai shirya tafiya a wannan yanki da bai da hanyar sanin ranar da za a saki ruwa yana wasa da rayukan mutane ne.

Akwai kuma cutar tsargiya, wadda ake ɗauka ta hanyar shiga ruwan da ke kwance, kuma ta yi yawa a tafkin Lagdo da na Maga. Baƙo zai iya kamuwa da ita a wanka ɗaya. A Logon kuwa ruwa kansa abin rikici ne: faɗan da aka yi tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a yankin Logon Birni a 2021 ya kori dubban mutane zuwa Chadi, kuma kan ruwa da ramukan kamun kifi aka fara shi.

Masu goyon bayan buɗe wannan harka suna cewa duk da haka yawon kwale-kwale shi ne ɓangaren da kuɗinsa ke shiga hannun talaka kai tsaye, domin jirgin na masunci ne, ilimin ma nasa ne. Masu adawa na nuna cewa mafi yawan jiragen ba su da rigunan hana nutsewa, kuma babu wata tawagar ceto a kusa idan jirgi ya kife. Dukkansu suna da hujja, kuma gyaran ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da sayen jiragen roba: riguna, iyakance yawan fasinja, da sanya sarkin ruwa cikin shirin tun farko.

Yadda kasuwar ta durƙushe

Shekaru da dama Waza da Rumsiki su ne fuskar yawon buɗe ido na Kamaru baki ɗaya. Jirage na sauke Turawa a Garwa da Marwa, dukawa da majema na kasuwar sana'ar hannu ta Marwa suna sayar da jakunkuna da takalma, matasan ƙabilar Kapsiki ta yankin Rumsiki da yawa sun koyi Faransanci da Ingilishi da Jamusanci a bakin aikin jagora.

A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga ciki yara, a yankin Dabanga bayan sun ziyarci Waza. An sako su a Afrilu. A Nuwamban shekarar aka sace wani limamin coci Bafaranshe a yankin Koza, a 2014 kuma aka ɗauke limaman coci biyu 'yan Italiya da wata 'yar Kanada, sannan ma'aikata goma 'yan China a Waza. Daga nan ofisoshin jakadanci suka shafa wa yankin jan launi a taswirarsu.

Wannan jan launi yana da tasirin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan gwamnatin wata ƙasa ta ce kada a je wani wuri, kamfanonin inshora galibi ba sa biyan komai idan wani abu ya faru a can, kuma babban kamfanin yawo ba ya tura mutane inda babu inshora. Saboda haka ko da garin Rumsiki ya yi shekaru lafiya, kasuwarsa ta waje ba za ta dawo ba sai launin ya sauya. Jami'an gwamnati da masu otal suna ganin gargaɗin ya yi wa jihar kuɗin goro, ya haɗa Marwa da Mindif da ƙauyukan bakin iyaka a kwando ɗaya. Masu gargaɗin kuma na nuna cewa har yanzu ana kai hare-hare a sassan Mayo Tsanaga da Mayo Sava da bakin tafkin Chadi, kuma Diy-Gid-Biy a Mayo Tsanaga yake. Jihar Arewa ta fi sauƙi, amma ita ma tana fama da masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa a yankin Mayo Rai, musamman wajen Tuboro, kuma makiyaya da manoma ne suka fi shan wahalarsu.

Rakiyar sojoji ita ce mafitar da aka saba amfani da ita. Tana rage haɗari ga baƙo, amma tana ƙara tsadar tafiya, kuma akwai masu ganin tana jawo ido kan ƙauyen da aka sauka, wanda mutanensa za su ci gaba da kwana a wurin bayan ayarin ya wuce.

Dajin da za a kalla

Namun dajin ma ba kamar da ba ne. Baƙar karkandar yammacin Afirka a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe. Binciken 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana cewa ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai, waɗanda aka yi imanin daga Sudan suka fito, sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida cikin 'yan makonni. Waza kuwa tun 1979 ya fara rauni, lokacin da aka gina madatsar Maga domin noman shinkafa, abin da ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun da maraya da sauran dabbobi ke kiwo. An sake buɗe wa ruwa hanya a wani ɓangare a 1994, amma bai koma yadda yake ba.

Yau manyan matsalolin gandun dajin Binuwai da Faro su ne garken shanu da ke shigowa da rani, da masu haƙar zinariya a bakin rafuka, da sababbin gonakin auduga da masara na mutanen da suka ƙauro daga Arewa Mai Nisa. Jami'an gandun daji na cewa shanu na korar namun dawa daga mashaya, kuma wasu makiyaya na sanya wa zakuna guba. Makiyayan na cewa burtalin da kakanninsu suka bi ya zama gona, ba su da inda za su bi sai dajin. A Faro ƙungiyar African Wildlife Foundation ta gwada ɗaukar makiyaya 'yan yankin su riƙa tarar masu shigowa da shanu suna nuna musu hanyar da za su kauce wa gandun, maimakon a fara da kamu da tara.

Akwai kuma yankunan farauta sama da ashirin da ke kewaye da gandayen jihar Arewa, waɗanda gwamnati ke bayarwa haya ga kamfanoni, su kuma su kawo attajirai daga Turai da Amurka su harbi ɓauna ko babban gwankin nan da Turawa ke kira eland na Derby. Tsarin rabon kuɗin hayar shi ne rabi ga gwamnati, kashi 40 cikin 100 ga ƙananan hukumomi, kashi 10 ga al'ummomin da ke maƙwabtaka. Masu kare wannan tsari na cewa maharbi ɗaya na biyan abin da masu kallo da yawa ba za su biya ba, kuma yana zuwa ko a shekarun da masu kyamara suka ƙaurace, don haka kuɗinsa ne ke riƙe da masu gadin daji. Masu suka na cewa kason al'umma kaɗan ne kuma ba kullum yake isa ƙauye ba, sannan yana da wuya a gamsar da manomi cewa shi haramun ne ya kashe dabbar da ta cinye masa gona alhali baƙo na harbinta da lasisi. Sabuwar dokar gandun daji da namun dawa ta watan Yulin 2024, wadda ta maye gurbin ta 1994, ta tsananta hukunci kan kashe dabbobin da aka ba cikakkiyar kariya. Wannan ya ƙara wa tambayar manomin nauyi.

Misalin da ake yawan kawowa daga maƙwabta shi ne Zakuma a Chadi. Giwayensa sun faɗo daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010, shekarar da gwamnatin Chadi ta damƙa gudanar da shi ga ƙungiyar African Parks. Farautar ta ragu ƙwarai, giwaye sun sake haihuwa har sun haura 500, baƙi kuma sun dawo. An biya farashi mai tsada, domin a 2012 an kashe masu gadi shida a wani hari da aka kai musu da asuba. Abin lura ga Kamaru shi ne Zakuma bai tsaya ga baƙin waje ba, ya ware sansani na musamman domin 'yan ƙasa da ɗaliban makarantu, kuma bai taɓa tallata kansa da damina ba, saboda ruwa ke mamaye shi.

Mutanen kan dutse

A Rumsiki akwai boka mai duba da ƙaguwa, wanda kusan kowane baƙo ake kai shi wurinsa. Yakan zuba rairayi da ruwa a tukunya, ya kafa 'yan itatuwa da ɓallin ƙwarya, ya saka ƙaguwar ya rufe, bayan ɗan lokaci ya buɗe ya karanta yadda ta ture kayan. Ga wasu mutanen garin wannan al'ada ce da ta zama hanyar abinci. Ga wasu, Musulmi da Kirista, abin da ba su so a ce shi ne fuskar garinsu. A Alantika kuma mutanen Koma sun daɗe suna zama abin ɗaukar hoto saboda shigar ganye da wasu matansu ke yi, kuma hoton kan yi yawo a intanet ba tare da mai shi ta sani ba.

Nan ne maganar neman yarda ke da ma'ana. A al'adar yankin baƙo yakan fara gaida lamido ko lawan ko jauro kafin ya shiga ƙasarsu, amma yardar sarki ba ta wadatar da yardar matar da za a ɗauki hotonta. Gonakin matakala da ƙabilun Mafa da Kapsiki suka jera da duwatsu a jikin tsaunuka aikin shekaru aru-aru ne, kuma dutse ɗaya da ƙafar baƙo ta ture na iya sa ruwan damina ya kwashe ƙasar mataki guda. Gine-ginen Diy-Gid-Biy su ma jerin duwatsu ne ba tare da laka ko siminti ba, wurare 16 a ƙauyuka bakwai, kuma wasunsu har yanzu mutanen wurin na yin al'adunsu a ciki. Ba za su jure cunkoson masu hawa kansu ba.

Abin da zai taɓa talaka

Idan harkar ta farfaɗo, waɗanda za su fara gani a aljihunsu su ne direbobi, da masu masauki, da 'yan acaɓa, da masu kilishi da tsire, da dukawan Marwa. Amma aikin na wata huɗu ne ko biyar a shekara, don haka wanda ya sayar da gona ko shanu ya sayi mota saboda baƙi ya ɗauki kasada babba. Labari ɗaya na satar mutum ya isa ya rufe kakar gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a 2013.

Kasuwar da ba ta dogara da taswirar ofisoshin jakadanci ita ce ta cikin gida: ma'aikata daga Yawunde da Duwala da ke hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ɗalibai, iyalai daga Garwa, da maƙwabta daga Yola da Injamena. Kuɗinsu bai kai na Bature ba, amma suna zuwa a lokutan hutu da salla, kuma sun fi sayen abincin gari. Garwa na da makarantar horar da jami'an namun daji tun 1970, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, saboda haka ilimin horar da 'yan jagora yana nan kusa.

Ga manomin da ke gefen daji, ƙaruwar namun dawa na nufin ƙaruwar ɓarna. Giwayen Waza kan fita su bi gonakin dawa da masakwa har wajen Mindif da Kayele, dorina kuma kan cinye shinkafa da masarar bakin kogi a dare ɗaya. Idan kuɗin shiga gandu bai taɓa biyan irin wannan asara ba, ba za a samu manomin a sahun masu kare dabbar ba.

Ɗan dako da mai kwale-kwale su ne suka fi kowa fuskantar haɗari, kuma su ne ba su da takarda. Baƙon waje yana zuwa da inshorar da za ta ɗauke shi a jirgin sama idan ya karye. Wanda ya ɗauko masa kaya, idan ya zame a Alantika, sai an sauko da shi a kafaɗa zuwa inda mota ke isa, daga nan a yi sa'o'i a hanya kafin a kai babban asibiti a Garwa, kuma kuɗin magani daga gidansu zai fito. Kafin a tashi, ana iya rubuta nauyin kayan da kowane ɗan dako zai ɗauka, da ladarsa ta kowace rana, da ruwan shansa, da sunan wanda zai biya asibiti, a sa hannu a gaban jauro.